Bogar Wake a Gidan Mahauta

Akwai labarin da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, duk lokacin da aka taru suna ko biki, wai ni ne na zauna na ƙirƙiro abinci saboda tsananin son da nake yi wa uwarku. Kuna faɗa ana tafi, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi nake ji. To yanzu gemu ya yi fari fat, gara in rubuta muku yadda aka yi, domin ba ni kaɗai ba ne a cikin labarin, kuma rabona a cikinsa bai kai yadda kuke zato ba.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. Mahaifina a kasuwar shanu ta Wudil ya tsufa, ni kuma da na kawo ƙarfi na kafa tukubata a bakin titi kusa da gada, inda motocin da suka taso daga Kano suke ɗan tsayawa kafin su miƙa gabas. Direbobi sun san ni, 'yan jami'a sun san ni, har akwai waɗanda ba su san sunana Iliyasu ba, sai dai Ilu Mai Tsire. Uwarku Binta taubashiyata ce, 'yar kawuna, shi ma mahauci, don haka a cikin ƙamshin nama ta buɗe ido, kuma bakinta bai taɓa jin tsorona ba. Ni ba mutum ne mai daɗin baki ba. Ban iya irin maganganun da nake jin samarin yanzu suna yi a waya ba. Abin da na iya shi ne, kullum in zan tashi daga tukuba sai in ware mata wuri mafi kyau, tozo mai kitse ko ƙoda ko hanta, in barbaɗe da yaji in naɗe a takarda, in ajiye mata a bakin gado ban ce uffan ba. Ita kuma ta buɗe ta ce na cika gishiri, sannan ta cinye. Haka muka yi ta yi har muka aurar da ku duka. Ni a ganina kyautatawa nake yi. Allah ya yafe mini abin da ban sani ba.

A shekarar da nake son ba ku labarinta, da rani, uwarku ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Muka kwashe ta zuwa asibiti a Kano, aka riƙe ta kwanaki, aka ce hawan jini ne ya taɓa zuciya. Ranar sallama likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da mu ta faɗi abin da za a bari: jan nama, kitse, gishiri, soye-soye. Ta ce a ba ta ganye da wake da hatsi, in an so a ƙara da kifi ko kaza dafaffiya ba fata. Uwarku ta saurare ta tsaf kamar mai jin wa'azi. Sai da muka hau mota muka bar birni sannan ta buɗe baki.

"Kaza ai tsuntsu ce," in ji ta. "Kifi kuwa ka kai wa masu son ƙarni."

Na yi dariya a lokacin, don na ɗauka irin maganarta ce ta yau da kullum. Ashe da gaske take. 'Yar'uwarku Hadiza ta nemi izinin mijinta ta dawo gida jinya, ta yi ta girki iri-iri, faten wake, dambun zogale, kwaɗon rama, tuwo da miya ba gishiri ba nama. Kwano zai shiga ɗaki ya fito yadda ya shiga, sai dai an ɗan taɓa gefensa don kara. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Ta gaya wa Hadiza cewa komai ta sa a baki ji take kamar tana tauna tsumma. Kunu kawai take kurɓa, shi ma rabin kofi. Awarwaron da suka shekara suna matse mata hannu suka fara zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga shi. Da muka koma ganin likita, ta duba ta, ta dube mu, ta ce magungunan nan ba sa aiki a cikin da babu komai. In muka dawo wata mai zuwa ba ta fara cin abinci ba, za a ba ta gado a zura mata tiyo ta hanci a riƙa ɗura mata.

"Gara ku kai ni kushewa," in ji uwarku, ko murya ba ta ɗaga ba.

Mun kuwa san halinta. In ta ce ba za ta yarda ba, to ba za ta yarda ba, ko da za a tara mata garin Wudil. Ni abin da na iya na yi, wato faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata butulci ne ga ni'imar Allah, na ce mutum nawa ne suke neman ko wannan ba su samu ba. Na kirawo yayarta daga Indabo ta yi mata nasiha. Duk a banza. Wata rana na dawo daga tukuba na leƙa in gaishe ta, sai ta juya fuska bango. Na fito raina a ɓace, Hadiza ta biyo ni zaure.

"Baba, in na faɗi magana ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi. Fushin ai na riga na yi shi."

"Ba kai take juya wa baya ba, rigarka ce. Kana shiga ɗakin nan yake cika da ƙamshin tsire, ita kuma an hana ta. Ko wanka ka yi yana jikinka."

Na shinshina hannun rigata, ban ji komai ba. Na yi kwana biyu ina juya maganar, sannan na kashe wutar tukuba, na kwashe tsinkuna da wuƙaƙe na kawo gida, na ce sai ta warke. Kun san abin da ya biyo baya. Wurin bakin titi ba ya jiran kowa, kafin damina ta faɗi wani ya kafa tasa tukubar a inda tawa take, kuma ban sake komawa ba. Har yau in na bi ta bakin gada nakan ga hayaƙinsa, ya gaishe ni da ladabi, in amsa in wuce da sauri. Mahauta 'yan'uwana wasu suka ce asiri aka yi mini, wasu suka ce mijin-ta-ce. Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne Ɗanjuma, abokina tun muna yara, masunci ne a kogin nan namu, kun kuwa san tsakanin mahauci da masunci ba a raba tsokana. Kullum da hantsi sai ya zo zaure ya miƙe ƙafa a tabarmata.

"Sannu da hutawa, Sarkin Fawa murabus. In zaman ya ishe ka, zo in ba ka taru ka riƙe mini."

"Allah ya kiyaye. Gara in mutu da yunwa da in mutu da ƙarni."

"Ai ga shi nan kuna yi, kai da Hajiya."

Da wasa ya faɗe ta, amma daga ni har shi ba wanda ya yi dariya.

Hannun da ya saba da aiki, zama ciwo ne gare shi. Ina cikin wannan hali wata rana Hadiza ta fito da sauri ta ce Inna ta ambaci abinci. Tana kwance tana kallon rufi, sai ta ce, kamar mai magana da kanta, ina ma abin nan da Sani ya taɓa saya mata a Kano. Yayanku Sani, wata shekara da ya kai ta gidan biki a birni, ya tsaya a irin shagunan nan masu gilashi ya saya mata boga, wato burodi kewayayye da ake tsagawa biyu, a sa faifan niƙaƙƙen nama gasasshe a tsakiya, da latas da tumatir da wani farin abu mai maiƙo. Na daɗe ina jin 'yan jami'a suna zancenta a bakin tukuba, ban taɓa ɗaukarta abinci ba. A wurina nama ne dai aka ɓata.

"To ai nama ne," na ce. "Mun koma gidan jiya."

"Akwai wadda ake yi ba nama, Baba. Da wake."

"Boga da wake? Ai ƙosai kenan a burodi, ko mai shayin bakin tasha yana yi."

Ta ciro wayarta ta nuna mini. Wata mata ce a wata ƙasa, tana tsaye a madafi fari tas kamar ɗakin tiyata, tana Turanci Hadiza tana fassara mini. Wai ita ba ta cin nama sam, ba don ciwo ba, ba don babu ba, haka kawai ta zaɓa. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaure mini kai. Amma da ta gama kwaɓe-kwaɓenta ta ɗora abin a wuta ta juya shi, sai na ga bayansa ya yi ja da ɗan baƙi-baƙi, irin na balangun da ya gasu daidai. Ta tsaga shi, cikinsa ya buɗe tsaki-tsaki kamar nama. Na ce Hadiza ta mayar baya. Ta mayar. Na ce ta sake.

Nan ne nake son ku gyara labarinku. Gaskiya ina tausayin uwarku, kuma ina tsoron tiyon nan kamar yadda take tsoronsa. Amma abin da ya tashe ni daga tabarma ranar, son sani ne. Na ƙare rayuwata ina gasa nama, ban taɓa tambayar kaina mene ne yake sa nama ya zama nama a baki ba. Kitsen ne, ko hayaƙin, ko taunar? In aka cire saniya daga tsire, me zai rage? Tambayar nan ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa, ina sallah tana nan, ina kwance tana nan, har akwai lokutan da nakan manta don wa ake yin abin.

Gwajin farko Hadiza ce ta yi, ni ina tsaye a bakin madafi, don har lokacin ban yarda ƙafata ta tsallaka ciki ba. Matar wayar daga gwangwani ta juye nata waken, don haka ba mu ga yadda aka faro ba. Hadiza kuwa hannunta hannun 'yar gidan nan ne. Waken da za a ci da shinkafa daban, kowa ya san da ɓawonsa ake dafawa. Amma wanda za a kwaɓa a kai kasko, sai an jiƙa an surfe an wanke har ba ka ganin baƙin hanci ko ɗaya. Haka uwarta ta koya mata, kuma a gidanmu macen da ta bar ɓawo a ƙullu an gama da ita, ƙazama ce. Ta surfe tas, ta kai inji aka markaɗo, ƙullu ya zo fari sol, ta zuba a kasko ya kumbura ya yi kyau. Muka sa a burodi muka ci. Ƙosai ne, ƙosai mai faɗi. Ɗanjuma ya cinye biyu ya ce Allah ya ƙara wa mahauta basira, yau sun gano abin da tsofaffi suke sayarwa a ƙofar gida tun kafin a haife mu.

Muka koma wa wayar. Na ce Hadiza ta tsayar da hoton, na matso da shi kusa da idona. Waken matar dafaffe ne, kuma da ɓawonsa yake. Ba niƙa shi ta yi ba, dannawa kawai ta yi da cokali mai yatsu, rabi ya farfashe rabi yana nan. Sai na tuna abin da kowane mai tsire ya sani, cewa nama daɗinsa a tauna yake, in ya cika laushi ya zama abincin marasa haƙori. Ɓawon nan da muke zubar wa awaki, shi ne zai ba haƙori aiki.

"Kar ki surfe," na ce.

"Baba! In maƙwabta suka gani fa?"

"Ki ce ni na sa ki."

"Ai shi ne abin kunyar ya zama biyu."

Ta ce ita hannunta ba zai iya ba. Shi ya sa na naɗe hannun riga na shiga madafi, karo na farko tun da aka gina gidan. Na dafa wake da ɓawonsa, na tsame na zuba a turmi da zafinsa, na ɗan daddaka, na mulmula na faɗaɗa da tafin hannu. Na hura gawayi a bayan rumbu, nesa da tagar uwarku, na ɗora ragar ƙarfen da nake gasa balangu, na jera su a kai ina jin kaina. Ko juyawa ban kai ga yi ba suka saki jiki suka bi ta ramukan ragar suka zube cikin wuta. Matan maƙwabta da suke leƙe ta kan katanga suka kwashe da dariya, ɗaya har tana ce mini sannu da aiki, amarya. Ashe ruwa ne ya yi yawa. Daga nan na koyi in tsame waken in baza a faifai ya sha iska har ya fara tsagewa, kafin in taɓa shi.

Sai neman ɗanɗano, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin. Gishiri an hana, dunƙulen miya an hana. Na zauna da kayan yajina a gaba, ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari da barkono kaɗan. Na haɗa yajin tsire ba gishiri na ɗanɗana, sai na ji ashe rabin abin da mutane suke kira daɗin tsirena a nan yake, ba a saniya ba. Wannan ya ɗan taɓa mini zuciya. Na gasa albasa a garwashi har bayanta ya ƙone, na yayyanka cikin na zuba, ta kawo zaƙi da hayaƙi. Duk da haka da sauran wani abu, wani nauyi da nama yake bari a bayan harshe. Na gwada busasshen tumatir, ya matso kusa. Na gwada daddawa dakakkiya, 'yar kaɗan, sai na ji nauyin nan ya zo. Na tsaya a tsakar gida da cokali a hannu ina mamaki. Ashe talakan da ya jefa daddawa a miya don ba shi da nama ya san abin da yake yi. Hadiza ta kawo shawarar awara, ta marmasa ta ta juya a busasshen kasko har ta yi ƙarfi, muka zuba, tauna ta ƙaru. Matar wayar da wani jan tushe take ba nata launi. Ni na ce zoɓo ma ai ja ne, na jiƙa na zuba, abin ya fito da launin jikin da ya sha duka. Muka ba awaki, su ma sai da suka yi shawara.

Ɗanɗano ya samu, ƙamshi ya samu, amma abu ɗaya ya gagara: abin ba ya riƙe jikinsa. A kasko zai yi kyau, kana sa cokali ka juya sai ya watse kamar taron da aka ce wa ga 'yan sanda nan. Matar tana zuba wani ɗan iri niƙaƙƙe da ta jiƙa a ruwa, Hadiza ta ce ba ta san sunansa da Hausa ba. Mun gwada ƙwai, ya riƙe, amma ƙarninsa ya danne komai, uwarku da ƙarni kuwa kun sani. Na sa a raina cewa sirrin duk yana cikin irin nan. Ranar Juma'a na shiga kasuwa da hotonsa a wayar Hadiza, na bi 'yan koli da masu kayan ƙamshi rumfa-rumfa. Wannan ya ce riɗi ne, wancan ya ce irin rama ne, wani ya rantse maganin basir ne, kuma yana da wanda ya fi shi. Na dawo da hulba, ta ɓata mana kwaɓi guda da ɗaci. Na aika wa Sani a Kano ya nema, ya ce zai duba, kun kuwa san dubawar Sani. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambayi aikin da irin yake yi a cikin kwaɓin ba. Na ɗauka abincin Turawa sai da kayan Turawa.

Ranar komawa asibiti ta matso, uwarku kuwa ko alwala sai an riƙe ta. Hadiza ce ta dawo da ni hayyacina. Ta same ni a bayan rumbu ina auna daddawa a tafin hannu, ta tsaya a kaina.

"Baba, Inna ake yi wa, ko kai?"

Na karkaɗe hannuna. Na ce gobe za a kai wa uwarku, ko ya watse ko bai watse ba. Amma halin mutum ba ya barinsa rana ɗaya, sai na ƙara da cewa kar ta gaya mata wake ne, ina so in ga ko za ta gane.

"Ni ba zan yi wa Inna ƙarya ba."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru za ki yi."

"Shirun mahauci a kan abin da ya yi kama da nama, ai rantsuwa ce, Baba."

Washegari na je gidan burodi na roƙi mai gashi ya mulmula mini ƙanana kewayayyu. Hadiza ta dama kindirmo da tafarnuwa da lemon tsami a madadin farin abin nan mai maiƙo. Ɗanjuma, duk tsokanarsa, shi ya kawo latas da tumatir daga lambun bakin kogi, ya ajiye a zaure ya tafi. Bayan la'asar na lallaɓa na ɗauko mafi kyawu daga kasko da cokali biyu, kamar mai ɗaukar jariri, muka jera komai a cikin burodi muka shiga ɗakin uwarku. Hadiza ta tayar da ita ta jingina ta da matashi. Uwarku ta dubi farantin. Na ga hancinta ya motsa. Ta sa hannu ta ɗauka, tana ɗan matsawa abin ya zube mata a zane. Ta tsinci ɓarɓashi ɗaya ta murza a yatsa, ta ɗaga shi wajen hasken taga.

"Mai Tsire," in ji ta, don haka take kirana, "wannan waken me ya yi muku?"

"Wa ya ce miki wake ne?"

"Tun yaushe nake jin wake yana ƙonewa a bayan rumbu? Ciwon zuciya aka ce ina yi, ba a ce hancina ya mutu ba. Kuma wace ƙazamar ce ta bar ɓawo?"

"Ni ne ƙazamar," na ce.

Ta daɗe tana kallona, daga hula har ƙafa, har kan garin da ya ɓata mini gaban riga. Sannan ta kai ɓarɓashin kan harshe. Daga ni har Hadiza ba mai numfashi.

"Daddawa," in ji ta. "Awara. Yajinka ne, ba gishiri. To me ya hana shi tsayuwa?"

Hadiza ta ba ta labarin irin da muka rasa. Ta ce ita dai abin da ta gani, in matar ta jiƙa shi sai ya yi yauƙi, sannan ta zuba. Uwarku ta rufe ido.

"La ilaha illallahu. Yauƙi kuka rasa, a garin nan. Ke Hadiza, me yake riƙe ɗanwake a cikin tafasasshen ruwa?"

"Kuka, Inna. Da garin alabo."

"To?"

"Inna, kuka a boga?"

"Ita bogar 'yar sarki ce? Ku tashe ni."

Muka riƙe ta hagu da dama muka fito da ita tsakar gida, inda rabonta da zama tun ranar da ta faɗi. Aka sa mata kujera a jikin bango. Ta ce a kawo sauran kwaɓin, ta wanke hannu ta nutsa shi ciki. Ta ɗebi kuka da kan yatsu ta barbaɗa, ta ce in ta yi yawa abin ya koma miya. Ta ƙara garin alabo kaɗan, ta cakuɗa, ta ce a rufe a bar shi ya huta, kwaɓi ba ya son gaggawa. Muna jira ta lashi yatsa ta ce albasa ta yi kaɗan, aka ƙara, ta sake lasa. Da ya huta ta mulmula ɗaya da kanta ta miƙo mini. Na shafa mai a kasko da bayan cokali na ɗora. Da lokacin juyawa ya yi na yi bismillah na sa cokali. Ya juyu gaba ɗayansa, ko gefe bai ɓalle ba, bayansa ja da ɗan baƙi-baƙi. Na yi kabbara da ƙarfi har kajin gida suka watse.

"Rage ihu, kawo in ji," in ji ta.

Ta gutsuri gefe. Ta ce wuta ta yi yawa, waje ya yi, ciki bai yi ba, ta sake gutsura daga tsakiya don ta nuna mini. Na biyu ta ce in na sauke daga kasko in ɗora a garwashi ya sha hayaƙi, ko ba aikina ba ne? Na ɗora a ragar nan da ta taɓa kunyata ni, ya zauna daram. Ta ɗanɗana ta ce wannan ya fi. Ta tambayi ina farin abin, ta dangwala ta ce lemon tsami ya so ya yi yawa. Ta ce burodin a ɗan gasa cikinsa, aka gasa, ta ce a haɗa mata duka ta ji ko sun dace da juna. Tana tauna tana gyara mana, tana gyara tana tauna. Can na dubi farantin da yake kan cinyarta, na farkon babu shi, na biyun saura ɗan gefe. Na buɗe baki zan ce alhamdulillahi kin ci abinci, sai Hadiza ta taka mini ƙafa da ƙarfi. Na dube ta, idonta ya cika da hawaye, ta juya tana fifita wutar da ba ta buƙatar fifita. Na mayar da maganata ciki, kuma ina jin a duk shekarar nan ba abin da na yi da ya kai wannan shirun amfani.

Ba zan ce muku boga ce ta warkar da ita ba, magani ne da ikon Allah. Amma tiyon nan ba a zura shi ba. Daga ranar kullum sai ta ce a fito da ita ta ga ɓarnar da muke yi, kuma mai gyaran girki ba ya gyarawa da baki a rufe. Abin da na fi tunawa dai shi ne ƙarshen yammacin nan, rana ta yi sanyi, hayaƙi yana bin bango, saura guda ɗaya a kan raga.

"Bai kai nama ba," in ji ta, tana share yatsa a gefen faranti.

"Bai kai ba," na ce.

"Ko kusa."

"Ko kusa, Hajiya."

Ta dubi ragar.

"Wancan na gefe, wanda ya ɗan ƙone. Miƙo shi nan, ka ƙara mini tumatir."